Baƙuncin Ma'aikaci Marar Iyali a Birnin Abuja

Barin gari domin neman abinci tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa, har ta kai harshen ya ware wa kowace irin tafiya sunanta, inda ake kiran safarar haja zuwa nesa fatauci, fitar manomi bayan an kawar da amfanin gona kuma ci-rani, tafiyar yaro neman karatu gaban malami almajiranci. Tafiyar da har yanzu ba ta samu suna nata na kanta ba ita ce ta ma'aikacin zamani, wato saurayi ko budurwa da suka gama jami'a ko kwaleji, aka miƙa musu takardar kama aiki a banki ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati a birnin da ba su da kowa, suka haɗa akwati guda suka kama hanya ba mata ba miji. Jama'a na ɗaukar wannan ƙaura a matsayin mafi sauƙin ƙaura, bisa hujjar cewa wanda ba shi da iyali ko ina dare ya yi masa nan ne gidansa. Sai dai duk wanda ya lura da yadda abin ke gudana a Abuja, birnin da ke karɓar irin waɗannan baƙi da yawa, zai ga cewa hujjar ba ta da ƙarfin da ake zato, domin marar iyali yana ɗaukar kusan dukkan ɗawainiyar da magidanci ke ɗauka, kuma yana ɗaukarta shi kaɗai, a garin da ba a tsara shi da tunanin irinsa ba.

Kafin a fahimci abin da ma'aikacin yau ya rasa, ya kamata a tuna abin da falken jiya yake da shi. Bahaushen da ya sauka Salaga ko Kumasi a kan hanyar Gwanja, ko ya kai shanu Ibadan, ba ya kwana a titi, saboda a kowane zango akwai fatoma ko maigida, wato mazaunin gari mai gidajen saukar baƙi, wanda ke ba baƙo ɗaki, ya sa a kai masa abinci daga cikin gidansa, ya adana masa kuɗi da kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma ya tsaya masa idan ciniki ya zama na bashi. Masanin zamantakewar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa littafinsa a kan Hausawan wurin a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da na goro gaba ɗaya a kan wuyan waɗannan masu gida ya rataya. Muhimmin abin da maigida ke bai wa baƙo, wanda ya fi ɗaki da tuwo daraja, shi ne shaida: mutum ne da gari ya sani, wanda zai iya cewa wannan baƙona ne, na san inda ya fito. Ma'aikacin banki ko likitan da ya sauka tashar Jabi ko ta Utako da takardarsa a jaka ya fi falke ilimin boko da tabbacin albashi, amma ba shi da wanda zai furta wannan kalma a kansa.

Ita kanta Abuja tarihinta ya bayyana dalilin haka. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta sanar da kafa sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, aka yanki ƙasa daga yankunan da Gbagyi da wasu ƙabilu ke zaune, tsohon garin Abuja kuma ya bar wa sabon birni sunansa ya koma Suleja. An kammala babban tsarin birnin a 1979, aka kuma dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Birni ne da aka fara zana shi a takarda kafin a kafa tubali, saboda haka bai tashi daga kasuwa da ƙofar fada da unguwannin dangi kamar Kano ko Zariya ba. Wanda masu zanen suka fi tunawa da shi shi ne ma'aikacin gwamnati mai mata da 'ya'ya, wanda za a ba gida gwargwadon matakin albashinsa a Garki ko Wuse, manya kuma a Maitama da Asokoro. Nyanya, wadda yau ta cika ta batse, asalinta sansanin leburorin da suka gina birnin ne.

Wannan tsari na gidajen gwamnati bai daɗe ba. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da manufar mayar da alfarmar ma'aikata kuɗi, ma'ana a daina bai wa ma'aikaci gida da mota, a zuba masa kuɗinsu cikin albashi ya nema wa kansa, sannan a shekarun da Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, aka sayar da dubban gidajen gwamnati, aka rushe gine-gine masu yawa da suka saɓa wa tsarin birni, aka kuma hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006. Ko me mutum zai ce game da alfanun waɗannan matakai, sakamakonsu ga wanda ya zo daga baya a fili yake: waɗanda suka riga shi zuwa sun mallaki gidajen, shi kuwa ya tarar da kasuwar haya wadda farashinta ke bin aljihun 'yan siyasa da 'yan kwangila da ma'aikatan ofisoshin jakadanci.

Makonnin farko su ne mafi tsanani. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi abin da ma'aikata ke kira kuɗin kwana ashirin da takwas, wato alawus ɗin da ake biyan sabon ma'aikaci ko wanda aka yi wa canjin wurin aiki a madadin kuɗin otal na kwanakinsa na farko, amma sau da yawa kuɗin ba ya fitowa sai bayan kwanakin sun wuce da nisa, shi ma albashin farko yakan jinkirta har sai an shigar da sunan mutum cikin tsarin biyan albashi na bai-ɗaya. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa wani ya ba da kuɗin ƙaura, wani ko a jikinsa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne raɓe, wato sabon zuwa ya shimfiɗa katifa a falon wani tsohon abokin makaranta ko ɗan garinsu, ko ya sauka gidan wani kawu na nesa da bai taɓa gani ba sai a wurin biki. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma ladabin raɓe shi ne mutum ya faɗi ranar tashinsa tun ranar saukarsa, ya sa hannu a cefane da kuɗin wuta ko da an ce ya bari, domin abota da yawa a Abuja a kan katifar falo ta mutu.

Daga nan sai neman ɗaki, wanda shi ne ginshiƙin dukkan al'amarin. Masaukin da marar iyali ke nema iri uku ne a mafi yawan lokaci: ɗaki guda mai banɗaki da ɗan madafi a ciki, wanda dillalai ke kira selfkon; ko ciki da falo; ko kuma boskwata, wato 'yan ɗakunan da ake ginawa a bayan babban gida domin masu aikin gida, waɗanda a Abuja suka zama matsugunin injiniyoyi da lauyoyi matasa. Ba kasafai ake samun ɗaki ba tare da dillali ba, dillalin kuma yakan karɓi kuɗin zagaye tun kafin ya nuna ƙofa ɗaya, ko an dace ko ba a dace ba. Idan an dace, mai gida zai nemi hayar shekara guda a dunƙule, wani ma shekara biyu, sai la'adar dillali wadda aka saba yanka ta kashi 10 cikin 100, sai kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya wanda shi ma kan kai kashi 10, sai kuɗin ajiya na ɓarna da ake cewa za a mayar ranar tashi, a rukunin gidaje masu shinge kuma a ƙara da kuɗin gadi da kwasar shara. Idan aka ɗauka a misali cewa hayar naira miliyan 1 ce, to abin da zai fita daga hannun mai kama ɗakin a rana guda zai doshi miliyan 1 da dubu 300, alhali bai sayi katifa ba, bai sayi labule ba. Mutumin da ake biya wata-wata ana neman ya biya shekara a gaba, kuma wannan saɓani tsakanin yadda kuɗi ke shigowa da yadda ake neman su shi ne ke jefa sababbin ma'aikata cikin bashi tun kafin su san hanyar ofis. A 2022 an gabatar da ƙudiri a Majalisar Dattawa domin taƙaita karɓar haya a gaba a birnin tarayya, amma al'adar shekara guda tana nan daram.

A nan ne bambancin magidanci da marar iyali ya fara bayyana. Magidanci da matarsa, musamman idan dukansu suna aiki, suna raba nauyin ɗaki guda da firji guda da janareta guda, kuma ɗaya na iya tsayawa jiran mai gyaran famfo yayin da ɗayan ke ofis. Marar iyali yana biyan kuɗin duk waɗannan daga aljihu ɗaya, ranar da za a zo duba mita kuwa sai ya nemi izinin fita daga wurin aiki.

Akwai kuma tambayar da kusan kowane mai gida ke jefawa kafin a kai ga maganar kuɗi, wato ko mai neman ɗakin yana da iyali. Hausa ta bambanta tuzuru, wanda ya isa aure bai taɓa yi ba, da gwauro, wanda ya taɓa aure amma yanzu ba shi da mata, ko da yake a bakin jama'a an fi haɗa su duka a kira su gwauraye, kuma al'ada ba ta taɓa ɗaukar zamansu a matsayin zama na dindindin ba. Tashen kamun gwauro da Nalako ke jagoranta a Kano cikin watan azumi wasa ne, amma wasa ne mai ɗauke da hukuncin jama'a, cewa namijin da ya kai munzali yana zaune ba mata abin a yi masa dariya ne har ya gyara. Masu gidaje a Abuja, ko daga wace ƙabila suke, suna da nasu zargin, na cewa gwauro zai tara abokai, ya kunna kiɗa, ya kawo baƙin da za su tayar wa matan aure hankali. Wasu kuma akasin haka suke gani, sun fi son marar iyali saboda ba shi da yaran da za su zana bango, ruwa kaɗan yake sha, wuni yake a ofis, fitar da shi kuma ya fi sauƙi. Ta kowace fuska dai, ana auna shi da rashin aurensa tun kafin a auna shi da halinsa.

Ga mace lamarin ya ninka. Kalmar zaman kai, wadda a zahirinta ba ta nufin komai face mace ta riƙe kanta da kanta, ta daɗe da ɗaukar ma'anar karuwanci a Hausa, saboda haka likita ko ma'aikaciyar banki da ta kama ɗaki ita kaɗai tana shiga wani matsayi da harshen kansa bai tanadar masa suna mai tsabta ba. Akwai masu gidajen da ba sa ba budurwa ko bazawara haya sai ta zo da namijin da zai sa hannu a madadinta, uba ko wa ko wanda za a kira miji ko da ba shi ba ne, kuma abin takaici ne a ce macen da asibiti ya amince ta riƙe ran majinyaci ba a amince ta riƙe makullin ɗaki ba. Zargin bai tsaya a ƙofar masu gidaje ba. A watan Oktoban 2017 Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke hukunci a ƙarar da 'yar wasan fim Dorothy Njemanze da wasu mata suka shigar, inda ta samu gwamnatin Nijeriya da laifin take haƙƙinsu bayan jami'ai sun kama su da dare a titunan birnin suka laƙaba musu karuwanci. Ma'aikaciyar jinya da ta tashi aikin dare ko 'yar jaridar da ta baro ɗakin labarai ƙarfe goma tana bin waɗannan titunan ne. Shi ya sa iyaye da yawa a Arewa ba sa sakin 'yarsu ta karɓi aiki a Abuja sai an samu gidan ɗan'uwa da za ta zauna, wasu kuma guraben aikin haka suke salwanta. Mafitar da 'yan matan suka samar wa kansu ita ce su haɗu biyu ko uku su kama gida mai ɗakuna, abin da ke rage musu haya, ya kwantar wa iyaye hankali, ya kuma rufe bakin maƙwabta gwargwado.

Zaɓin unguwa ciniki ne tsakanin kuɗin haya da tsawon hanya. Ofisoshi sun taru a tsakiyar birni, a sakatariyar tarayya da Garki da Wuse da Maitama, ɗakunan da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya kuwa suna Kubwa da Dutsen Alhaji da Lugbe da Karu da Mpape da Gwagwalada, ko ma a wajen birnin tarayya gaba ɗaya, kamar Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Madalla da Suleja a Jihar Neja. Mai zama a Mararraba yana kwana a wata jiha yana aiki a wata, kuma tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba idan hanya a buɗe take tana iya cin sa'a biyu da safe a kan titin Keffi, shi ya sa ake ganin mutane a bakin titi tun bayan sallar asuba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024, lissafin ya canza, domin abin da mutum ya tsira da shi a haya yana iya ƙarewa a kuɗin mota. Ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce a haɗa hayar shekara da kuɗin motar shekara a wuri guda kafin a kwatanta unguwa da unguwa, kuma a bi hanyar da safiyar Litinin kafin a biya, tunda dillalai sun fi son kai mutum ganin ɗaki ranar Asabar da rana, lokacin da titi fayau yake.

Hanyar tana da nata haɗarin da baƙo ya kamata ya sani. Yawancin ma'aikata suna hawa motocin da ake kira alon, wato ƙananan motocin da ke ɗibar fasinja a bakin titi suna saukewa a kan hanya, kuma a cikinsu ne 'yan wan cans ke ɓuya, 'yan fashin da ke cika mota da abokan aikinsu kamar fasinjoji, su ɗauki mutum guda, su ƙwace masa waya da katin banki, wani lokacin su tunkuɗo shi mota na gudu. Mazauna birnin sun koyi shiga mota a tasha maimakon tsayar da ita a wurin da ba kowa, da guje wa mota mai baƙin gilashi, da aika wa wani lambar motar kafin a shiga. Wannan dabara ta ƙarshe tana buƙatar a samu wanda za a aika wa, kuma wanda zai lura idan ƙarfe goma ta yi mutum bai dawo ba, abin da magidanci ke samu kyauta a cikin gidansa.

Game da doka, ɗan haya a birnin tarayya yana da kariyar da yawancin baƙi ba su san da ita ba. Dokar karɓe gidaje da ke aiki a Abuja ta tanadi cewa, muddin yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai hayar shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a ce ya tashi, mai hayar wata-wata kuma wata guda, bayan haka a ba shi wata takardar ta kwana bakwai, sannan kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Mai gida ba shi da hurumin cire ƙofa ko kwashe kwanon rufi ko watsar da kaya waje. Amma wannan sharaɗi na yarjejeniya shi ne ramin da ake faɗawa, domin lauyan da ɗan haya ya biya kuɗinsa lauyan mai gida ne, kuma yakan rage wa'adin sanarwar a cikin takardar da mutane ke sa wa hannu ba su karanta ba. Rasit ma ya ƙara daraja, saboda sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ba ma'aikaci damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, iyakar naira 500,000, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai, kuma ba a neman wannan rangwame da fatar baki. Sannan kada a biya ko sisi sai an ga mai gidan ko wakilinsa na haƙiƙa, an kuma tambayi wani ɗan haya a gidan, tunda karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya tsohuwar damfara ce.

Wuta da ruwa da abinci ba sa buƙatar dogon bayani. A tambayi ko ɗakin yana da mitar kati ta kansa ko raba kuɗi ake yi da maƙwabta, domin wanda ke wuni a ofis shi ke cutuwa a rabon. Ruwan madatsar Usuma bai kai unguwanni da yawa na gefen birni ba, sai rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Abinci kuwa, saurayin da ya tashi a gidan da ba a barin namiji ya shiga madafi yakan ƙare a teburin mai shayi da indomi da ƙwai dare bayan dare, har aljihu da ciki su fara ƙorafi tare.

Wani nauyin kuma daga gida yake zuwa. Da zarar an ji cewa wane ya samu aiki a Abuja, sunan garin kawai ya isa ya ninka albashinsa a tunanin dangi, rashin aurensa kuma ya zama hujjar cewa ba shi da nauyin kowa, saboda haka kuɗin makarantar ƙanne da maganin gwaggo da gudummawar bikin 'yar kawu duk wurinsa ake dosa. Ba wanda ke lissafa cewa kafin kuɗin su shiga asusunsa an cire haraji, an cire kashi 8 cikin 100 na fansho bisa dokar 2014, ma'aikacin gwamnati kuma an cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa. Taimakon iyaye wajibi ne da babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi, kuma galibi da guminsu aka yi karatun da ya kai mutum Abujar. Matsalar tana ga kunya, wadda ke hana matashi faɗa wa mahaifinsa ainihin abin da yake ɗauka da abin da haya ke ci, sai ya ci bashin manhajojin waya masu ruwa mai yawa domin kada a ce ya canza. Wanda ya zaunar da iyayensa tun watan farko ya buɗe musu lissafi, ya yanka abin da zai riƙa aikawa duk wata, ya fi zama lafiya da su a kan wanda ya bar su da zato. Abin lura kuma shi ne, dangin da ke cewa ba shi da nauyi su ne ke tambayarsa yaushe zai yi aure, alhali kuɗin lefe da na ɗakin da zai ɗauki mutum biyu daga wannan albashin za su fito.

Kaɗaici shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba, musamman a bakin maza. Wanda ya tashi a Fagge ko Tudun Wadan Zariya ya saba da majalisa, wato dandalin ƙofar gida inda abokai ke haɗuwa bayan la'asar ko isha'i ba tare da an gayyaci kowa ba. Rukunin gidajen Abuja masu dogon shinge da mai gadi ba su da wannan, kuma mutum na iya shekara bai san sunan wanda suke raba bango da shi ba. Ranar Juma'a da yamma birnin yakan fara zubewa, masu iyali a Kaduna su nufi tashar Idu ko ta Kubwa su hau jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, na Kano da Katsina su bi mota, lokacin Sallah kuwa tituna su zama kamar an yi shara. Mai komawa gida duk mako yana riƙe zumunci, tunda an ce zumunta a ƙafa take, amma yana biyan farashi biyu, na kuɗin hanya da na rashin kafa saiwa a inda yake zaune, har ya shekara biyar a Abuja yana baƙo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi tsakiyar mako ne yake gane cewa duk lambobin da ke cikin wayarsa na mutanen da ke nesa da shi da kilomita ɗaruruwa ne. Saboda haka yana da kyau asibitin da zai zaɓa a tsarin inshorar lafiya ya kasance kusa da inda yake kwana, kuma ofis ya san lambar wani mazaunin Abuja da za a kira, ban da ta mahaifi da ke Gusau ko Azare.

Abin da fatoma ke bayarwa a dunƙule, ma'aikacin yau sai ya tsinto shi ɗaya bayan ɗaya. Masallacin unguwa shi ne wuri mafi sauri, domin wanda aka saba gani a sahun asuba da na isha'i ba ya wata guda ba a tambayi sunansa ba, kuma idan aka kwana biyu ba a gan shi ba za a buga masa ƙofa. Buɗa-baki da tafsirin azumi sun haɗa mutane da yawa da abokan da suka zame musu 'yan'uwa. Kiristocin Arewa suna samun irin wannan a majami'un da ke da sashen Hausa. Akwai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da na tsofaffin ɗalibai, akwai adashin ofis da ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata waɗanda ta hanyarsu ake tara hayar baɗi tun daga watan farko na bana, akwai kuma mai shago da mai wanki da mai gadin layi, waɗanda galibinsu Hausawa ne 'yan ci-rani kuma sun fi kowa sanin unguwa, daga ɗakin da za a saki zuwa mai gidan da ba ya mayar da kuɗin ajiya. Matashi mai digiri da ke wuce su ba sallama yana zubar da mafi arhar ilimin da zai samu a garin. Amfanin wannan shaida yana fitowa sarai ranar neman aure, domin iyayen yarinya za su aiko a yi bincike, masu binciken kuma limami da maƙwabta za su tambaya, kuma wanda ba a san shi ba a unguwarsa amsar da za a bayar a kansa ita ce ba a san shi ba, wadda a wurin surukai ba ta da nisa da mummunar shaida.

Ba daidai ba ne a bar wannan ɗawainiya duka a kan sabon zuwa. Ma'aikatun da ke ɗaukar matasa daga nesa suna iya biyan kuɗin sauka a makon farko, lokacin da ake buƙatarsu, su kuma ba da rancen haya marar ruwa da za a riƙa cira daga albashi kaɗan-kaɗan, kamar yadda wasu ke yi. Su kuma magidantan Arewa da suka kafu a Gwarimpa da Kubwa da Lugbe, waɗanda yawancinsu a falon wani suka fara kwana a wannan birni, su ne magadan fatoma ko sun sani ko ba su sani ba. Idan aka ce musu ɗan wane ko 'yar wane ta samu aiki tana tafe, abin da ake nema a wurinsu bai wuce ɗakin kwana na 'yan makonni ba, da rakiya wurin mai gida ranar da za a biya haya.